Na Ce Wa Inna Kwamfutar Tana Wurin Gyara

Edita, sallama gare ka da duk masu karanta wannan shafi. A shekarun da zan ba da labari ni saurayi ne mai ji da kansa, na gama karatun zanen gine-gine, na kama ɗaki a Birnin Kudu ina zana wa mutane fulan ɗin gida da na shago. Ban yi aure ba, ba ni da maigida a kaina, ina ganin duk garin babu wanda ya kai ni sanin inda ya kamata taga ta zauna. Mahaifina ya rasu tun ina makaranta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Gwaram a gidan da ya bar mana, ƙanwata da ke aure a bayan layinmu ita ke leƙa ta safe da yamma. Abin da ya sa na rubuto shi ne in faɗi yadda na sauya kwamfuta, na yi ƙarya guda ɗaya a kan sauyin, ƙaryar kuma ta cinye mini watannin ƙarshe da zan yi da mahaifiyata a duniya. Na san wani zai ce me ya haɗa kwamfuta da uwa. Da ba a kaina abin ya faru ba, da ni ma haka zan ce.

Sai na fara da yadda muke da Inna, domin in ba a gane wannan ba sauran ba zai shiga ba. Ni ne ɗanta na fari. Ita kuma jinin Fulani ce. Fulatancin ya tsaya a kan kakarmu, amma kunyar ta biyo Inna gaba ɗayanta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta aike na kai tsaye, ba ta kuma buɗe baki ta ce tana son abu kaza a wurina. Idan tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata alhali ina zaune a wurin, in ƙanwata ba ta nan sai ta faɗa wa garu ko akuyar da ke ɗaure a turke, ta ce a gaya wa wancan tuwo yana hucewa. Baƙo zai ɗauka ba ta damu da ni ba. Amma wanda ya tashi a irin gidanmu ya san hanyar maganar ke nan, ni kuma na iya ta sarai tun ina ƙarami.

Kwamfutar da nake aiki da ita a lokacin babba ce, ta tafi-da-gidanka a suna kawai, don wanda ya ce zai tafi da ita sai ya shirya. Irin masu ƙarfin nan ce da ake yi domin zane mai nauyi, fuskarta faffaɗa, cajarta kaɗai ta kai rabin bulo. Kawuna ne ya kai ni aka sayo ta bayan na gama makaranta, ya ce gudummawar dangi ce. Sai daga baya na lura karsanar Inna, wadda ta gada daga mahaifinta ake kiwata mata a garken kawun, ba ta nan. Na tambayi ƙanwata ta kawar da kai, na gane ita aka sayar aka saya mini kwamfutar. Aikin kwamfutar kuwa ba a magana, gini duk girmansa sai ta juya mini shi ta kowace fuska. Matsalarta nauyi da cin wuta. Idan aka zare ta daga soket, kafin ka gama shan shayi ta fara neman caji. Ɗakina na Birnin Kudu wuta sai ta ga dama take zuwa, a Gwaram kuwa na riga na sa wa Inna 'yar sola don ta samu fitila da fanka. Saboda haka sai kwamfutar ta zama 'yar Gwaram.

Daga Litinin nakan yi ta yawon fulotai da tef ɗin awo da takarda, in ji abin da masu gida suke so, ranar Alhamis da la'asar in hau mota zuwa Gwaram, in zauna in zana komai zuwa Lahadi. Soket ɗin yana rumfar ƙofar ɗakin Inna, don haka a nan nake kafa ɗan teburina. Ita kuma sai ta shimfiɗa tabarma a gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ba ni rabin baya. Kwamfutar tana da fanka a ciki mai huci kamar injin markaɗe, sai Inna ta raɗa mata suna Inji, daga nan ta samu wanda za ta riƙa yi wa magana. Sai ka ji tana tambayar Inji shi ba ya gajiya ne, tun safe ko ruwa bai sha ba, ni kuwa in miƙa hannu in ɗauki kofi. Ko ta ce Inji ya ji an kira salla kuwa, ko shi ba ya cikin masu yi. Ta wurin Inji na ji labarin yadda aka yi aurenta, da shekarar da shanun kakana suka mutu, abubuwan da ba za ta taɓa zama ta ba ni a matsayin ɗanta ba. Ni ma a zaman nan nake gane halin da take ciki. In ta yi tari na ji, in ta tashi da ƙyar na gani, washegari sai magani ya bayyana a kan taga ba wanda ya ce da wani komai.

To amma akwai masu gidan da ba sa yarda da takarda, sai sun ga gidansu yana juyawa a fuskar kwamfuta, irin waɗannan dole in saɓo ta in kawo Birnin Kudu. Ranar da zan yi haka tun a tasha raina yake ɓaci. Kwandasta ya ce in sa ta a but, in ce a'a, ya ce to in biya mata kujera. In rungume ta a cinya har mu iso, in sauka in hau acaɓa igiyar jaka tana yankar kafaɗata, har ta kai ina jin ciwon in na yi sujada. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani Alhaji daga wajen Sundimina da ya ba ni aikin gida babba. Ranar wata Talata ya kira ya ce a matsar da ɗaki ɗaya a ƙara shago, yana so ya gani kafin magina su haƙa tushe. Na ce ya yi haƙuri sai ƙarshen mako, kwamfutata tana Gwaram. Ya yi dariya ya ce ashe ni mai zanen ƙarshen mako ne, ya kai aikin wurin wani. A cikin kwanakin ne wani abokina da muke shan shayi tare ya zaro tasa daga 'yar jaka, siririya, mara nauyi, ya ce tun safe bai sa ta a caji ba. Ya ɗora mini ita a tafin hannu, ya ce ni kaɗai na rage a garin nan ina dako da sunan injiniya. Aka yi dariya, na yi tare da su, amma maganar ta zauna mini.

Bayan kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona aikin gini ya buɗe, wata Lahadi na saɓo Inji kamar yadda na saba in zan nuna wa mai gida zane. Inna ta ce wa ƙanwata a gaya wa Inji ya sauka lafiya. Ban tsaya a Birnin Kudu ba, na zarce Kano wurin masu sayar da kwamfuta. Mai shagon ya juya ta, ya yaba ƙarfinta, ya kushe nauyinta, muka daidaita ya ba ni ƙarama. Ya kwashe mini ayyukana kaf ya zuba a sabuwar, ko zane ɗaya bai ɓata ba. Da ya tura tsohuwar ƙarƙashin tebur na tuna karsana, amma na ce wa kaina ai kayan aiki ne. Kuma gaskiya zan faɗa, ƙaramar ba ta cuce ni ba. Fuskarta ta yi mini kaɗan da farko har nakan ƙanƙance ido, in zanen ya yi yawa takan ɗan tsaya ta yi tunani, amma tana wuni da caji ɗaya, ba ta ƙara, ba ta zafi, ina sa ta a hammata in hau acaɓa. A kan fuloti, a inuwar bishiya, nake gyara wa mai gida ɗakinsa yana kallo. Cikin 'yan makonni kafaɗata ta warke, aiki kuma ya ƙaru.

Alhamis ɗin farko bayan musayar na je gida da ita. Na tarar an share rumfa, an fito da teburina an goge, tabarmar Inna a shimfiɗe. Ni kuwa da yake ba na buƙatar soket, sai na shige ɗakina na zaure na ɗora ta a cinya na yi aikina a can. Da yamma ƙanwata ta same ni ta ce Inna ta ce a tambaya ina Inji. A nan na yi abin da nake kuka da shi har yau. Na ji nauyin in ce na rabu da abin da aka sayar da karsana aka saya mini, sai bakina ya ce ya samu matsala, yana wurin gyara a Kano, wannan ƙaramar aro ce kafin a gama. Na ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga rumfa. Na ji ta ce wa ƙanwata Allah ya ba shi lafiya, dama ya sha aiki. Har daɗi na ji, ina ganin na tsallake wata 'yar magana mara daɗi, in an kwana biyu za ta manta.

Daga nan zuwa gida ya fara ja da baya, kuma ba da niyya ba, shi ya sa ban farga da wuri ba. Alhamis ta zo, in duba in ga babu abin da zai kai ni Gwaram wanda ba zan iya yi a nan ba, ga masu gida suna jira, in ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo da nasa uzurin. Ban daina aike ba, duk wanda zai je sai na ba shi shinkafa ko sabulu ya kai, wannan ne ma ya rufe mini ido, ina ganin ai ina sauke nauyi. Inna ba ta riƙe waya, ko da tana riƙewa ma ba za ta kira ni ba. Ƙanwata ce take kira, kuma duk kiran da za ta yi, bayan gaisuwa sai ta ce Inna ta ce a tambaya ya jikin Inji, an gama gyaran kuwa. Ni kuma in ce saura kaɗan, ana jiran wani ƙarfe daga Legas. Wata rana na ce mai gyaran ya yi tafiya. Har dariya nake yi in na kashe wayar, ina cewa tsohuwa da son abin da ta saba da shi.

Wallahi duk lokacin da na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina. Ni da nake jin an yi wa akuya magana in tashi in wanke hannu, yaya aka yi aka yi ta tambayata jikin kwamfuta wata da watanni ban gane ni ake kira ba? Na gane mana, can ƙasan zuciyata. Amma ganewar tana nufin in je in zauna, zaman kuma yana nufin ko in faɗi gaskiya ko in ƙara wata ƙaryar a gabanta, sai na zaɓi in yi kamar ban ji ba. Na leƙa jefi-jefi a tsakanin, duk zuwan wuni ne, in je da hantsi in juyo kafin magariba. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Na same ta a zaune ta lulluɓe ƙafafunta da zani, na ce sanyi ne. Zuwan ƙarshe wata Asabar ce, zafi ya riga ya shigo, zanin yana nan a kan ƙafafun, fanka a kashe, tana fifita da mafici. Na tambayi ƙanwata ko sola ce ta lalace, ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta yi gyaran murya, sai ta ce lafiyarta ƙalau. Na ce bari in tafi kada in rasa mota, sai na zo da Salla.

Azumi ya raba tsakiya, wata rana da hantsi ina kan wani fuloti ina nuna wa mai gida inda matattakala za ta hau, ƙanwata ta kira. Wannan karon ba ta tambayi Inji ba. Ta ce suna cikin mota ita da kawu, Inna ta faɗi a tsakar gida, numfashinta yana sama-sama, suna tahowa babban asibitin Birnin Kudu. Na riga su isa, don daga unguwarmu zuwa ƙofar asibitin da ƙafa ma ake zuwa. Da aka fito da ita daga mota zanin ya zame, na ga ƙafafun mahaifiyata sun kumbura har zuwa gwiwa. Ma'aikatan suka karɓe ta da gaggawa, Allah ya saka musu da alheri, suka yi iya yinsu. Daga baya likita ya kira mu ya ce zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru a jikinta har ya kai ƙirji. Ya juyo gare ni da yake ni ne babba, ya tambaya tun yaushe ƙafafun suka fara kumbura, tun yaushe take kasa kwanciya sai a zaune. Ni kuwa ban sani ba, ga jakar kwamfuta a rataye a kafaɗata. Ƙanwata ce ta amsa, ta ce tun farkon sanyi. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai ce irin wannan ciwon in an zo da wuri ana lallaɓa shi.

A ƙarƙashin wata darbejiya a harabar asibitin ƙanwata ta sauke mini abin da ta daɗe tana haɗiya. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba sai ranar. Na fara da cewa me ya sa ba ta gaya mini ba, ta ce haba Yaya, ai ta gaya mini a kowane kira. Ta ce tun da ƙafar ta fara ta roƙi Inna a kira ni a kawo ta asibiti, Inna ta haɗa ta da Allah, ta ce kada a tayar wa mutum da hankali yana tsakiyar neman abinci da kayan aro, in an gama gyaran Inji ai zai dawo ya zauna, zai gani da idonsa ba sai an faɗa ba. Kawu ma ya yi magana, Inna ta ce jiƙo ya ishe ta kafin nan. Sannan ƙanwata ta gaya mini maganar fanka. Ashe tun da na ce Inji yana wurin gyara, duk Alhamis Inna takan sa a kashe fanka tun safe, ta hana kowa cajin waya, wai kada batir ya yi ƙasa, a ce yau ne aka dawo da shi a tarar babu wuta. Haka za ta zauna har Lahadi, a cikin zafin nan, da ƙirjin da ba ya samun iska, a fito da tebur a goge, a mayar. In aka ce ta bari a kunna ko na ɗan lokaci, sai ta ce ita ba ta jin zafi. Da ta tambaye ni da na gaya mata hasken ranar wuni ɗaya ya isa ya cika batir ɗin, amma ina za ta gan ni ta tambaya? Ƙanwata ta kalle ni ta ce don Allah Yaya, wane irin gyara ne wannan da ba ya ƙarewa. Na zauna a ƙasa a wurin, na gaya mata babu wani gyara.

Inna ta yi kwanaki a kan gado, wani lokaci ta farfaɗo wani lokaci jikin ya koma. Wata safiya ta samu sauƙi har ta sha kunu, aka jingina ta da filo. Ina zaune ta wajen ƙafafun gadon, ƙanwata tana kusa da ita. Sai ta ce wa ƙanwata a hankali, tunda ga shi an zo garin wancan, a tambaya ko Inji ya warke. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Na sauko na durƙusa a ƙasa, na ce Inna ƙarya na yi, ba ya wurin gyara, musayarsa na yi tun bayan kaka, ƙaramar tawa ce, kunyar karsana ce ta hana ni faɗa. Na ce ta yafe mini. Ina kuka, mutanen gadon kusa suna kallo. Ta mayar da idonta kan bango. Sannan ta ce wa ƙanwata a gaya masa ta yafe duniya da lahira, karsana ba abin magana ba ce, an ba da ita ne don a ci moriya, kuma ta sha ganin ana murza kafaɗa in an sauke jaka, in dai ƙaramar ba ta da nauyi to an yi daidai. Ta ja numfashi ta huta. Sai ta ƙara da cewa abu ɗaya ne kawai, da an faɗa mana tun farko, da mun nemi wata hanyar kiran. Ba da faɗa ta faɗe shi ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana saura 'yan kwanaki Salla Allah ya karɓi abarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ajalinta ne ya zo, malamai sun gaya mini, kawu ya gaya mini, ni ma na yi imani da haka. Ba na cewa da na je da tana nan. Abin da nake cewa shi ne da na je da ba ta yi watanni tana kwana a zaune babu magani ba, da ba ta sha zafin nan saboda ƙaryata ba, da kuma na samu waɗancan ranakun na zauna kusa da ita. Muka kai ta Gwaram aka yi mata sutura. Masu ta'aziyya suna ta sa mini albarka, suna cewa ɗa na gari, ga sola ya sa mata, ga aike ba ya yankewa, ni kuwa na kasa ɗaga kai in ce amin. Ƙanwata ta daɗe ba ta iya kallona sosai, ita ma tana fama da nata, tana cewa da ta sani da ta karya alkawarin ta faɗa mini ƙarara. Na ce mata ita biyayya ta yi, laifin nawa ne. Sai a hankali muka dawo muna gaisawa kamar da.

Har yanzu da ƙaramar kwamfutar nake aiki, kuma ba na ganin laifinta. Duk mai irin sana'ata da ya tambaye ni zan ce masa ya sayi mara nauyi ya huta. Abin da na gane a makare shi ne, ni ina ɗauka son Inna ne yake kai ni Gwaram duk mako, ashe rabin abin wuta nake bi. Da buƙatar wutar ta kau sai aka ga iya inda son nawa yake tsayawa in babu dole. Maganar tana da ɗaci, amma ita ce gaskiya, kuma ina zaton ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu akwai wata 'yar wahala da take kai mu gaban iyayenmu, wani hatsi yake zuwa ɗauka, wani saƙo yake kaiwa da hannunsa. Ranar da aka sauƙaƙa mana ita sai mu yi murna, ba ma tsayawa mu duba abin da ya tafi tare da ita.

Saboda haka ina roƙon masu karatu, musamman 'ya'yan fari irina da iyayensu ba sa iya buɗe baki su ce zo. In za ka sauya wani abu da zai rage maka zuwa gida, sauya, amma ka tsayar da ranar zuwa ka riƙe ta ko babu abin da za ka yi a can. Kada ka yi wa uwa ƙarya don gudun kunyar ɗan lokaci, domin kai za ka faɗa ka manta, ita kuwa za ta ɗauka ta jera kwanakinta a kai. In kuma aka aiko ana tambayarka lafiyar wani abu naka, babur ne ko gona ko aikin da ka ce ya riƙe ka, aka sake aikowa da tambayar, to ajiye abin da ke hannunka ka nemi mota. Duk wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a, ya sa ni ma. Ita ta yafe mini tun tana kan gadon asibiti, ni ne har yau na kasa yafe wa kaina.